Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Barcin Rana Da Tsofaffinmu

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin nahawu ya san aikau, ya san karɓau. To, Bahaushe yana da hanya biyu ta ba da labarin barci. Yakan ce, "Baba ya yi barci," yakan kuma ce, "Barci ya ɗauke Baba," ko ya kwashe shi, ko ma ya sace shi. A jimlar farko Baba ne aikau, shi ya ga dama ya shimfiɗa tabarma ya kwanta. A ta biyu kuwa ya koma karɓau, barci ne ya zo masa ba sallama, shi ya sa ake ce wa barci ɓarawo. Abin da nake so mu duba a wannan rubutu shi ne barcin da manyanmu ke yi tsakanin azahar da la'asar, da yadda yake tashi daga jimlar farko ya koma ta biyu sannu a hankali. Idan haka ta faru, amsar da ke bakin kowa ita ce, "Ai tsufa ne." A ganina wannan amsa tana saurin fitowa. Tsufa yana da nasa kaso, ba shakka, amma sau da yawa akwai wani kason a cikin ledar magungunan da ke rataye a ƙusa a ɗakin tsohon.

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. Tangale ne harshen gidanmu, Hausa kuwa a bakin ƙawaye da makarantar firamare na tsince ta a nan cikin garin Gombe, kafin ta zama abin da nake nazari. Wanda ya koyi harshe daga baya yakan tsaya a kan kalmomin da masu harshen suke wucewa ba su duba ba, kuma kalmomin barci suna cikin waɗanda suka daɗe suna ba ni sha'awa. Akwai gyangyaɗi, na wanda ke zaune kansa yana sunkuyawa. Akwai rintsawa, ɗan rufe ido na lokaci kaɗan. Akwai kishingiɗa, wadda ba lalle ta kai ga barci ba. Akwai magagi, halin wanda aka tasa bai gama dawowa hayyacinsa ba. Sannan akwai ƙailula, wadda ita kaɗai ce a cikinsu ake faɗa da girmamawa. Ba wanda ke jin kunyar a ce ya shiga ƙailula, amma a ce an kama mutum yana gyangyaɗi a bainar jama'a, sai ya musa.

Ƙailula da dalilinta

Kalmar ƙailula daga Larabci Hausa ta aro ta, ma'anarta hutun tsakar rana, ko barci ya zo ko bai zo ba. Malaman addinin Musulunci suna kwaɗaitar da ita, musamman ga mai son tashi ibadar dare, kuma aya ta 58 ta Suratun Nur ta lissafa tsakar rana cikin lokuta uku da ake son yara su nemi izini kafin su shiga wurin manya. Ba a ƙasar Hausa kaɗai aka san wannan hutu ba. Mutanen Sifen suna da siyesta, kalmar da ta samo asali daga sunan sa'a ta shida ta yini a harshen Latin, wato tsakar rana ke nan.

A Gombe ba sai an yi wa kowa wa'azin ƙailula ba, rana ce ke yi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kusanci digiri 40, duk wanda ya zaga gari da misalin ƙarfe biyu zai ga shaida. A Tudun Hatsi za ka ga 'yan dako sun miƙe a kan buhuna. A Tashar Dukku direba ya kwantar da kujera ya rufe fuska da hula yana jiran mota ta cika. Masu keke napep sun faka a inuwar dogonyaro, tela ya kife kai a kan kekensa. Ba lalaci ba ne. Masana sun nuna cewa akwai agogo a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam da ke tsara barci da farkawa, kuma wannan agogo yana sassauta wa mutum kuzari tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na rana ko da bai ci abinci ba, sai dai malmalar tuwo ko farantin shinkafa da wake suna ƙara wa abin nauyi. Haka kuma akwai wani sinadari mai suna adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, yawansa ne ke sa ido nauyi. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi da kofi yana toshe masa hanya ne na wasu sa'o'i, shi ya sa dattijo ke ɓare goro bayan azahar idan yana da zaman da ba ya son barci ya ba shi kunya.

Ƙailula gajera tana da amfani da aka auna. A 1995 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa matuƙa jirgin sama masu doguwar tafiya. Waɗanda aka ba damar rintsawa sun yi barcin minti 26 a matsakaici, kuma sun fi takwarorinsu natsuwa da saurin lura a ƙarshen tafiya. A 2007 kuma an buga wani bincike da aka yi a ƙasar Girka a kan mutum 23,681, inda aka ga masu yin barcin rana aƙalla sau uku a mako sun fi ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 37 cikin 100. Sirrin yana cikin gajarta. Minti 20 zuwa 30 ya isa, domin da an wuce haka mutum yakan nutsa cikin barci mai nauyi, in aka tashe shi sai magagi da ciwon kai, da dare kuma ido ya bushe.

Abin da shekaru ke yi wa barci

Akwai masu cewa tsoho ba ya bukatar barci da yawa, akwai kuma masu cewa tsoho ya koma yaro, barci ne aikinsa. Dukkansu ba su faɗi daidai ba. Masana barci suna ba mai shekara 65 zuwa sama shawarar sa'a 7 zuwa 8 a dare, abin da bai yi nisa da sa'a 7 zuwa 9 da ake ba mu matasa ba. Abin da ke canzawa shi ne ingancin barcin. Da shekaru suka ja, barci mai nauyi yana raguwa, sai ya zama motsi kaɗan ya tashi mutum. Agogon jiki ma yana matsowa gaba, tsoho ya fara hamma tun bayan isha'i, ya farka tun kafin asuba. Ga fitsarin dare, musamman ga maza da wata halitta da ke ƙarƙashin mafitsara, wadda likitoci ke kira furostet, take ƙara girma da shekaru. Ga ciwon gwiwa da na baya da ke hana juyi. Mu a nan kuma sai a ƙara da zafin ɗakin kwano, da sauro, da ɗauke wuta. Bashin da dare ya ci, rana ce ke biya.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi garinmu. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, 'ya'ya suka taru a cikinta neman aiki da kasuwanci, suka riƙa ɗauko iyayensu daga Kaltungo da Billiri da Dukku da Deba da Nafada domin su kula da su kusa da asibiti. Niyya ce mai kyau. Amma tsohuwar da ta saba fita gona da sassafe, ta ɗebo ruwa, ta leƙa gidan suna da na makoki, yanzu tana zaune a ɗaki a Bolari ko Fantami, masu gida sun tafi aiki, jikoki sun tafi makaranta. Wanda ba ya motsa jiki, ba ya ganin hasken safiya, ba shi da abokin hira, barci ne ke zama masa abokin zama. Wani lokaci ma kaɗaici da damuwa ne ke ɓuya a bayan wannan barci.

Duk wannan kason tsufa ne, kuma yana zuwa a hankali, shekara bayan shekara. Wanda ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne canjin da ya zo cikin makonni ko 'yan watanni.

Ledar Kaka

Kakata, mahaifiyar babana, ta haura shekara saba'in, tana zaune da mu tun bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai ƙailula ta tsari. Da ta ci abincin rana takan shiga ɗaki ta saki labule, kafin rabin sa'a ta fito ta ɗauki faifanta ta koma tsintar wake ko ɓarar gyaɗa. A wani hunturu da ya wuce sai abin ya sauya. Aka fara samunta tana gyangyaɗi da faifai a cinya tun hantsi. Barcin rana ya koma sa'a biyu, wani lokaci uku, in ta tashi sai ta tambaya ko gari ya waye. Rannan ta miƙe za ta banɗaki, jiri ya ɗebe ta, Allah ya sa bango na kusa. Duk baƙon da ya zo gaishe ta ya tarar tana barci sai ya ce, "A bar ta ta huta, ai girma ne ya zo."

Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ce wa Goggo, ranar da za a koma asibiti awon hawan jini, kada a ɗauki kati kawai, a kwashe duk wani abin da Kaka ke sha a tafi da shi, har da wanda ba a ɗauka magani ba. Ni aka haɗa da su saboda tafinta, domin Hausar Kaka ta kasuwa ce, in magana ta yi zurfi takan koma Tangale. Da likita ya ce, "Mama, yaya jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi, ɗana." Da a nan aka tsaya, da an auna ta an sabunta mata takarda mun dawo gida. Goggo ce ta zazzage ledar a kan tebur.

Iri biyar ne, daga hannu uku. Biyu na hawan jini ne daga asibiti, ɗaya cikinsu mai sa fitsari, kuma Kaka ta mayar da shan su duka da dare don kada ta manta. Na uku wata 'yar ƙaramar ƙwaya ce rawaya ta mura da ƙaiƙayi, wadda aka sayo a kyamis lokacin da ƙurar hunturu ta sa ta atishawa. Murar ta tafi tun tuni, amma ta ci gaba da aika yara su sayo, safe da dare, saboda a cewarta yana kwantar mata da jiki. Na huɗu kwalbar maganin buɗe ciki ce da wani ɗan uwa ya kawo tsaraba da ya ji an ce ba ta cin abinci. Na biyar na ciwon gwiwa ne. Babu wanda ya ba ta ko ɗaya da mugun nufi, kowa ƙauna ce ta sa shi, sai dai babu wanda ya san abin da ɗan uwansa ya bayar.

Likita ya ɗaga 'yar rawayar ya ce, "Mama, wannan tun yaushe?" Ta ce tun farkon sanyi. Ya bayyana mana cewa ita da ruwan kwalbar dangi ɗaya ne, dukkansu suna sa barci, ɗaya daga cikin na hawan jinin ma yana da wannan hali, mai sa fitsarin kuma da ake sha da dare shi ke tashinta sau uku ko huɗu kafin asuba. Wato ana hana ta barcin dare da magani ɗaya, ana kwantar da ita da rana da uku. Ya dakatar da biyu, ya sauya ɗaya, ya mayar da mai sa fitsarin safiya. Cikin makonni kaɗan faifai ya daina faɗuwa. Ƙailularta ba ta koma rabin sa'a cif kamar da ba, yanzu takan kai minti arba'in ko fiye, wannan kuwa kason shekarunta ne, mun bar mata. Amma ita ke shiga ɗaki da ƙafarta ta saki labule.

Magungunan da ke kawo barci

Dalilin da ya sa ƙwayar da saurayi zai sha ya hau babur ke kayar da tsoho shi ne hanta da ƙoda, waɗanda ke tace magani su fitar da shi, suna rage sauri da shekaru, ƙwaƙwalwa kuma tana ƙara jin tasirinsa. Alal misali, wani bincike da aka buga a 1975 ya nuna cewa maganin barcin nan da aka sani da Valium yana ɗaukar kimanin sa'a 20 kafin rabinsa ya bar jikin ɗan shekara 20, amma a jikin ɗan shekara 80 yakan kai kusan sa'a 90. Ke nan na daren jiya bai fita ba aka ɗora na yau.

Ga kaɗan daga waɗanda muka fi gani a gidajenmu. Na farko, tsofaffin magungunan mura da ƙaiƙayi irin su Piriton da Phenergan, da magungunan mura na haɗi masu ɗauke da irin sinadarinsu, da kuma wasu magungunan buɗe ciki da ake sha don a yi ƙiba. Ban da barci, suna iya busar da baki, su riƙe fitsari, su rikita tunanin tsoho. Na biyu, magungunan barci da na kwantar da hankali, da amitiriftilin da ake bayarwa don damuwa ko zafin jijiya. Na uku, magungunan ciwo masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin. Mun fi jin sunansu a maganar shaye-shayen matasa, musamman tun watan Mayu na 2018 da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma tsohon da aka ba tiramadol don gwiwa shi ma yana cikin haɗarin barci da jiri. Na huɗu, wasu magungunan hawan jini, musamman Aldomet, wanda kasala da barci suna cikin illolinsa da aka sani. Masu sa fitsari irin su Lasix da Moduretic kuwa ba sa kawo barci da kansu, amma in an sha su da yamma suna ɓata dare.

Na biyar shi ne mafi haɗari. Wasu magungunan ciwon suga, irin su Daonil, suna iya saukar da suga ƙasa da kima, musamman in tsoho ya sha bai ci abinci ba ko yana azumi. Alamarsa gumi, rawar jiki, ruɗewa, sai barcin da ke da wuyar tashi. Wannan ba ƙailula ba ce. In mutum yana iya haɗiya a ba shi ruwan suga ko zuma, a garzaya da shi asibiti, in ba ya iya haɗiya kada a ɗura masa komai, a tafi kawai.

A Amurka wani likita mai suna Mark Beers ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a yi taka-tsantsan da su ga tsofaffi a 1991. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta ƙasar ta ci gaba da sabunta jerin, har da sabuntawar 2023, kuma tsofaffin magungunan mura da dangin Valium da amitiriftilin da dangin Daonil duk suna ciki. Babban abin tsoron shi ne faɗuwa. Tsoho mai magagi ya zame a banɗaki ya karya ƙugu, daga nan sai kwanciya, da yawa kuma ba sa sake miƙewa kamar da.

Sai dai a kula. Sanin wannan ba izini ba ne na a kwace wa tsoho magani. Wanda ya daina na hawan jini da kansa yana kiran shanyewar ɓarin jiki, wanda kuma ya daɗe yana shan maganin barci in ya yanke shi rana ɗaya yana iya shiga wani hali har da farfaɗiya. Likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ne ke ragewa ko sauyawa, kuma muna da su a Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na jiha da sauran asibitocin gari.

In ba magani ba ne fa?

Wani lokaci za a zazzage leda ba a sami komai ba. Nan ma bai kamata a koma ga "tsufa ne" a rufe magana ba. A 2022 wasu masana a Amurka sun buga sakamakon bibiyar tsofaffi 1,401 da suka yi har tsawon shekara 14, suna auna barcinsu da na'urar da ake ɗaurawa a hannu. Sun ga barcin rana yana ƙaruwa da kimanin minti 11 a shekara ga masu lafiyar ƙwaƙwalwa, amma ga waɗanda aka tabbatar suna da ciwon mantuwa na Alzaima ƙarin ya kai minti 68. Masu barcin rana fiye da sa'a ɗaya kullum kuma sun fi shiga haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 40 cikin 100. A wannan shekarar dai, wani nazari a kan bayanan mutum 358,451 na Birtaniya ya danganta yawan barcin rana da ƙarin haɗarin hawan jini da kashi 12, da na shanyewar ɓarin jiki da kashi 24.

Kada mai karatu ya ce to ƙailula ce ke kawo ciwo. A 2023 wasu masanan daga Landan da ƙasar Uruguwai sun sami alaƙa tsakanin sabon barcin rana da ƙwaƙwalwar da ba ta motse da wuri ba. Abin da za a fahimta daga waɗannan sakamako masu kama da saɓani shi ne dogon barcin rana sau da yawa alama ce, kamar yadda zazzaɓi yake alama, ciwon yana wani wuri. Yana iya zama suga, ko ƙarancin jini, ko ciwon zuciya ko ƙoda, ko damuwa. Yana iya zama ciwon nan na masu minshari mai ƙarfi, wanda numfashi ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙoƙi sau da yawa a dare, mutum ya kwana a gado amma ya wayi gari kamar bai rintsa ba. Mu a gida dariya muke yi wa minshari, alhali ciwo ne da ake magani. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ina namu a ciki?

Wani zai ce wannan magana ta ɗaliban likitanci ce, me ya kawo ta mujallar Hausa? Amsa ita ce, a yawancin gidajenmu mu ne masu karanta takarda, mu ne ake turawa rakiya asibiti, mu ne tafintoci. Takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take, tsohuwa kuwa launin ƙwaya ta sani da 'yan layukan da aka zana mata a jikin ambulan. Tsakaninta da likita akwai harshe biyu, wani lokaci uku, kuma duk abin da ya faɗi a tsakani lafiyarta ce ke biya.

Ɗauki maganar "jikina ya mutu." Tsoho yana iya nufin gajiya, ko kasala, ko jiri, ko rashin ƙarfi a gaɓoɓi, ko barcin da ya kasa korewa. Kowanne yana kai likita wata hanya daban. In tafinta ya dunƙule su ya ce rashin ƙarfi ne, ana iya ƙarewa da maganin ƙarin jini ko na buɗe ciki, wanda wataƙila shi zai ƙara barcin. Haka nan "da sauƙi" gaisuwa ce, ba rahoton lafiya ba, duk mun sani, amma a gaban likita mukan bar ta ta wuce a matsayin rahoto. Ga kuma kunya. Tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya titsiye babba da tambaya ba, balle a kan fitsarin dare. Amma harshen da ya koya mana kunya shi ya koya mana yadda ake kewaya magana. Ana iya cewa, "Kaka, jiya kin samu barci kuwa, ko an yi ta fita?" ba tare da an ci fuskar kowa ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowannenmu da ke da tsoho a gida. Mu lura da lokacin da barcin ranarsa ya sauya, mu tambayi kanmu me aka fara sha ko aka ƙara a wannan tsakani. Mu rubuta sunan duk abin da yake sha a takarda ɗaya, da wanda ya bayar, da lokacin sha, har da jiƙe-jiƙe da na gargajiya da tsarabar 'yan uwa. Ranar asibiti a tafi da ledar gaba ɗaya. In an dawo, mu rubuta ƙa'idar shan a jikin kowane ambulan da Hausa ko Fulatanci ko Tangale ko Tera, duk wanda mutanen gidan ke karantawa. Mu taimaka ƙailula ta tsaya kafin la'asar kuma ta gajarta, a rage goro da shayi da yamma, a samar wa tsoho dalilin fitowa hasken safiya, ko da rakiyar jika bakin titi ne. In kuwa barci ya zo da ruɗewa farat ɗaya, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko an kasa tashinsa, ba a jira gobe.

Ƙailula gado ce mai kyau, ba na fatan ranar da za a raina ta a Gombe. Dattijon da ya yi shekara sittin yana wahala ya cancanci inuwarsa da tabarmarsa, babu mai ikon tashinsa. Abin da nake cewa kawai shi ne mu riƙa kasa kunne ga yadda ake faɗar labarin a gida. Ranar da aka daina cewa "ya shiga ƙailula" aka koma cewa "barci ya sake kwashe shi," ranar ce ya kamata wani ya sauko da ledar nan daga ƙusa ya karanta abin da ke ciki. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ƙara wa iyayenmu da kakanninmu lafiya, mu kuma ya ba mu masu kula da mu in namu tsufan ya zo.